Amaryar da Ta Lulluɓe Dankali

A shekarar da yayana Kutipa ya kawo matarsa gida, ruwan ƙanƙara ya sauko mana ana saura wata biyu a fara haƙar dankali. Yini ɗaya tak ya yi, amma da muka fita gona washegari sai muka tarar dankalinmu mai daɗi, wanda ake tonowa a gasa a ci nan take, duk ya kwanta kamar an bi shi da sanda. Wanda ya tsira shi ne mai ɗacin nan da muke shukawa can saman tudu, shi da ma ba ya jin bugu. To amma kun san halinsa. Ko yini guda aka yi ana dafa shi, harshe ba ya karɓarsa, ciki ma haka. Sai farin sanyi ya ci shi tukuna. A baza shi a fili, sanyin asuba ya daskarar da shi kamar dutse, rana ta narkar da shi, a yi haka kwana uku ko huɗu, sannan a bi shi da ƙafa a tattake ruwan ɗacin ya fita, a shanya. Nan ne yake zama cunyo, baƙi, sakayau, wanda zai shekara goma a rumbu ba abin da ya same shi. A wannan shekarar, in ba mu yi cunyo ba, ba mu da abin sawa a tukunya har sabuwar haƙa. Mu huɗu ne a gidan: Innarmu Satama, da Kutipa, da amaryarsa, da ni Wayoma, autar gida, lokacin ina budurwa mai yawan surutu. Surutun dai har yau bai bar ni ba.

Amaryar sunanta Takima. 'Yar kwari ce, can ƙasa, tafiyar kwana huɗu, inda ake noman masara da barkono, inda mutane ke fitowa da safe ba su ƙudundune ba. Kutipa ya gan ta ne a wata tafiya da ya kai busasshen nama ya canzo masara, tun daga nan kuma masarar kwarin ta fi ta ko'ina kyau a bakinsa. Da ta tare, wata guda kanta yana ciwo saboda tsayin wurinmu. In ta hau ɗan tudu sai ta tsaya tana haki kamar tsohuwa. Ni kuwa na sami abin tsokana.

"'Yar kwari, in goya ki?"

"Ki bar ni in huta, uwar surutu. Ku da kuka taso kuka zauna kusa da rana, ga ta nan ko ɗumi ba ta ba ku."

Amma fa ba ta da ƙiwa. Kafin Inna ta ce a yi abu, ta miƙe. So take a ce ta iya, kuma Innarmu ba mai saurin cewa an iya ba ce.

Mun makara a wannan shekarar. Kutipa ya kora garken lamarmu, dabbobin dakonmu masu dogon wuya kamar ƙananan raƙuma, ya tafi ɗauko gishiri, tafiyar kwana ashirin, ya bar mana tsofaffin lama mata guda shida da 'ya'yansu. Mu uku muka yi ta haƙa da kwasa, har maƙwabta suka gama nasu cunyon suka zuba a rumbu, mu ba mu ko baza ba. Lokacin sanyi ya zo gangara. Kwana biyu muka yi muna jidar dankalin zuwa filin bayan gida, muka baza shi a kan ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Muna gamawa sai ga wata mata daga ƙauyen da babbar yayarmu Kolkema take aure, ta ce naƙuda ta kama Kolkema tun jiya, kuma tana kiran Inna.

Inna ta shiga ɗaki tana haɗa ƙunshin magungunanta, ta ɗaga murya ta ce, "Wayoma, ke za ki raka ni. Je ki yi wa amarya bayanin dankalin nan dalla-dalla kafin in fito."

To ni a lokacin hankalina ba ya kan dankali. Akwai wani saurayi mai busa sarewa a ƙauyen su Kolkema, kuma tunanina duk yana kan wane mayafi zan yafa. Na leƙa fili na tarar da Takima tana korar tsuntsaye.

"Ke 'yar kwari, kin dai san farin sanyi ko?"

Ta ce, "Ni kuwa na san shi. Tun ina goye nake jin sunansa."

"To yau zai sauka, gobe ma zai sauka, jibi ma haka. Dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Dankalin nan shi ne cinmu na shekara. Ki sa ido."

Ta ɗaga kai ta dubi saman, na ga fuskarta ta canza, ta ɗaure ɗamara tamau. "Ku je abinku," in ji ta. "In kun dawo za ku same shi yadda ya kamata."

Wannan shi ne bayanin dalla-dalla da na yi mata.

Kolkema ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace mai gashi kamar an shafa mata baƙin mai. Kwana uku muka yi a can, kuma sanyin da aka yi a kwanakin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Tulun ruwan da aka manta a waje sai da ya tsage biyu. Kowace safiya Inna ta fito ta taka ciyawa ta ji tana ƙaras-ƙaras, sai ta yi murmushi ta ce, "Wannan shi ne sanyi na kirki. Muna komawa sai tattaka." A rana ta huɗu muka kamo hanya. Da rana ta karkata muka ga gajimare yana tasowa daga gabas, ta wajen dazuzzuka, fari, mai kauri. Inna ta harare shi ta ce, "Ka makara, mun riga ka."

Hayaƙi muka fara hangowa. Ba na girki ba, wani irin hayaƙi mai nauyi yana kwance a bayan gidanmu. Inna ta ƙara sauri, ni ma na bi ta. Muna zagayowa ta bayan katangar garke sai muka tsaya cak.

Babu dankali a filin. Wato yana nan, amma ba a ganinsa. An rufe shi da busasshiyar ciyawa, a kan ciyawar kuma an shimfiɗa duk wani abin rufa da ke gidanmu: bargunanmu, fatun kwanciya, babbar rigar Kutipa ta biki, buhunan saƙa, har da jan mayafin da Takima ta tare da shi. A kusurwa huɗu an tara kashin lama an cinna masa wuta yana ta tuƙuƙi. Ita kuwa ga ta can a durƙushe tana jan gefen bargo tana danne shi da dutse. Ta ɗago, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, leɓɓa duk sun tsattsage, ta washe baki.

"Inna, sannunku da hanya! Me aka samu?"

Muka tsaya muna kallon bargunan.

"Ku zo ku gani," ta ce tana yaye bargo. "Sanyin ya zo, sau uku yana zuwa, na jiya ma har da ƙarfinsa. Amma ko ɗaya bai taɓa ba. Ko ɗaya! Da safe in buɗe su sha rana, da yamma in mayar."

Inna ta sunkuya ta ɗauki dankali ɗaya. Ta matsa shi da yatsa. Yana nan da ransa, ɓul-ɓul, kamar yanzu aka tono shi, gefensa ma ya fara kore saboda rana. Ta ɗauki wani, ta ɗauki wani. Sai ta nemi wuri a ƙasa ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya. Ban taɓa ganin Innarmu ta zauna haka ba, ko ranar da Babanmu ya rasu.

Murmushin Takima ya fara janyewa. "Inna, na yi wani abu ne?"

"Yarinya," in ji Inna, muryarta a hankali, "da me kike tsammani ake yin cunyo?"

"Da rana mana. Ba shanya shi ake yi ba?"

"Ba ki taɓa ganin an yi ba?"

"A buhu yake zuwa mana, Inna. A bushe."

Sai ta shiga ba mu labari, tana magana tana duban fuskokinmu. A kwarinsu, in aka ga sama ta yi tas haka da yamma, gari duka ake fita. A tara ciyawa a yi hayaƙi a gefen gonaki, a rufe ƙananan shuka, yara su yi ta buga tukwane suna ihu don a kori farin sanyi. Shekarar da ya shammace su, babanta ya zauna a gonar masara yana kuka kamar mace. Ita a duniyarta ba ta taɓa jin an ce wani yana jiran sanyi ya sauka a kan abincinsa ba.

Inna ta dube ta daga sama har ƙasa. "Barguna duk suna nan. Ke da me kika rufa?"

"Cikin 'yan lama nake shiga in kwanta."

Inna ta rufe ido. Da ta buɗe, a kaina ta sauke su.

"Wayoma. Me kika gaya mata?"

"Na ce mata sanyi zai sauka."

"Sai me?"

"Na ce ta sa ido."

"Sai me?"

Na dubi ƙasa. Inna ta gyaɗa kai. "Ke da bakinki ba ya rufuwa tun fitowar rana har faɗuwarta. Ranar da aka nemi ki yi magana, ranar kika ga dama ki taƙaita."

Muka kwashe barguna, muka kashe wutar, muka bar dankalin a buɗe. Amma gajimaren nan da Inna ta yi wa gori ya riga ya rufe sama. Da asuba na fita na shafa ciyawa, raɓa ce kawai. Washegari ma haka, sai dai iska da ta taso tana kaɗawa. Kawunmu Sirpa, ƙanin Inna, wanda gidansa ke bayan tudu, ya zo ya tsaya a bakin filin yana tauna ganyen koka, abin taunawar mutanenmu na kan tudu, ya daɗe yana kallon sama.

"Yaya, lokaci ya juya," ya ce wa Inna. "Gajimaren yakan yage gab da asuba, sanyi ya ɗan sauko, amma iskar nan ba ta barinsa ya zauna. Share shi take yi. Naku dai ya wuce, sai wata shekara."

"Wata shekarar da me za mu kai ta?"

Kawu ya kau da kai. Shi ma ƙanƙarar ba ta bar shi da abin kirki ba, ga 'ya'ya bakwai. Ya tura wani dankali da ɗan yatsan ƙafa, ƙasansa ya yi laushi, ya fara wari. Duk mun gani. Dankalin da ya sha rana kwana biyar a fili ba zai yi ta jira ba. Abin da ya rage shi ne a fara yanka lama ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare kuma a gangara kwari a zauna a gidan surukai ana kallon hannunsu.

Takima ta daina cin abinci. In an zuba mata sai ta tura mini. Ni ma tsokanar ta fita daga bakina, don in ana rabon laifi, nawa kason ya fi nata girma.

Da yammacin rana ta biyu na gan ta tana bin bayan ɗaki tana tsintar fasassun tukwane, masu ɗan zurfi. Ta haɗa da ƙananan kwanukanmu na ƙasa, ta zuba a mayafi ta goya, ta ɗauki tulu.

"Ina zuwa, 'yar kwari? Gida za ki gudu da kwanukanmu?"

"Ɗauko ɗaya tulun ki biyo ni. Yau dai bakinki ya huta, ƙafarki ta yi aiki."

Na bi ta. Ta ajiye kasko ɗaya a tsakiyar filinmu ta zuba ruwa kaɗan. Ta ajiye wani a gindin katanga. Muka gangara wajen rafi ta ajiye, muka hau tudu ta ajiye, muka zagaya bayan manyan duwatsu ta ajiye. Kowane wuri sai ta tsaya, ta jiƙa yatsa ta ɗaga ta ji inda iska take bi, wani wurin har ta durƙusa ta kara kunci da ƙasa.

"Wai me kike yi ne?"

"Haka babana yake yi kafin ya share sabuwar gona," ta ce. "Ya baza ruwa ko'ina ya kwana. Inda ya daskare, nan ba zai shuka masara ba. Sanyi kamar ruwa yake, Wayoma. Gangarowa yake yi daga tudu, ya nemi rami ya kwanta. In iska ta kore shi daga fili, ba ɓacewa yake yi ba, akwai inda yake ɓuya. Ku ba ku taɓa nemansa ba ne, don kullum shi yake zuwa muku har ƙofa. Mu kuwa da muke gudunsa mun san gidansa."

Kaskon ƙarshe ta ajiye shi a wani ɗan kwari da ke bayan dutsen da muke kira Haƙorin Tsohuwa. Wuri ne kamar akushi, duwatsu sun kewaye shi ta gefe uku. Ba ma zuwa can, don ba abin da ke fitowa sai gajeriyar ciyawa mai kaifi, lama ma in an kora su ciki sai su fito. Muna shiga na ji iskar ta ɗauke ɗif, wani sanyi ya kama mini idon sawu.

Gari bai gama wayewa ba ta tashe ni. Kaskon filinmu ruwa ne tsamo-tsamo. Na gindin katanga ya yi 'yar fata sama-sama, ina taɓawa ta fashe. Na bakin rafi ruwa, na kan tudu ruwa. Takima kuwa sai sauri take ƙarawa, ta manta da hakinta. Da muka zagaya Haƙorin Tsohuwa sai na ga ciyawar kwarin fari fat, kamar an barbaɗa gari. Ta ɗauki kaskon ta kifa shi. Ba abin da ya zubo.

Da gudu muka koma. Inna tana bakin murhu tana hura wuta. Takima ta durƙusa a gabanta ta miƙa kaskon da hannu biyu, numfashi ya hana ta magana. Inna ta ƙwanƙwasa shi a gwiwarta, ƙanƙarar ta faɗo a tafin hannunta, dunƙule guda, kaurin yatsa biyu. Ta juya ta, ta ɗaga ta wajen haske.

"A ina?"

"Bayan Haƙorin Tsohuwa," na ce.

"Ba ke na tambaya ba." Ta miƙe tana karkaɗe zane. "Ku ɗauko buhuna. Wayoma, ruga ki kira kawunki da matarsa. Kuma wannan karon ki faɗa musu maganar duka."

Ranar mun ga aiki. Muka zauna muka ware wanda ya ruɓe, ya kai kashi ɗaya cikin biyar, muka zubar can nesa. Sauran muka cika buhuna muka ɗora wa tsofaffin lamar nan shida. Kun san lama, in kaya ya wuce abin da ta ga dama sai ta gurfana ta ƙi tashi. Wata baƙa mai kunne ɗaya, wadda ta fi su taurin kai, ta dubi Kawu Sirpa ta tofa masa koren yawu a tsakiyar goshi.

"Ka gani ko, Sirpa," in ji matarsa, "ita ma ta ji ka ce sai wata shekara."

Sauran kayan a bayanmu muka goya. Sawu bakwai muka yi. Takima ce ta nuna inda za a baza: can ƙasan akushin, ban da gangare. Sannan ta ce a jera duwatsu a bakin kwarin, inda yake buɗe, tsayin gwiwa.

"Katanga kuma? Wa za mu tsare?" in ji Kawu.

"Sanyin, Kawu. Ta nan yake zurarewa."

Kawu ya dubi Inna. Inna ta ce, "Me kake kallona? Ɗauki dutse." Da rana ta kusa faɗuwa, Inna ta tsinko ciyawa ta ɗaure kamar tsintsiya, ta riƙa tsomawa a tulu tana yayyafa wa dankalin ruwa, don jiƙaƙƙe ya fi saurin kamawa. Takima tana biye da ita da tulun. Duk inda Inna ta miƙa hannu, tulun yana wurin.

Da asuba mu biyar muka tsaya a bakin katangar. Kwarin ya yi fari, dankalin ma ya yi fari, kowane ɗaya da gashin sanyi a jikinsa. Inna ta tsallaka, ta ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ta gwara su.

Ƙwas!

Kamar an haɗa duwatsun rafi. Ta sake gwarawa. Ƙwas! Ta matsa gaba ta ɗauki wasu, ta je har ƙarshen shimfiɗar tana gwarawa, mu kuwa muna tsaye muna saurare kamar ana yi mana kiɗa. Matar Kawu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai ji na yi ina zaune a kan katangar ina dariya, hawaye yana daskarewa a kumatuna.

Na waiwaya na ga Takima ta toshe baki da hannu biyu tana kuka sosai.

"Ke lafiya? Ya kama fa!"

"Na sani," ta ce tana shessheƙa. "Na sani. Amma dubi yadda ya yi fari. Cikina ne ya ƙi yarda. Ji nake kamar in ruga in ɗauko bargo."

"Ki taɓa bargon nan ki gani," in ji Inna daga can, ba ta ko juyo ba. Amma na ga kafaɗunta suna rawa don dariyar da take dannewa.

Ba a nan hankalinmu ya gama kwanciya ba. Kwana na biyu gajimaren bai yage da wuri ba, rabin dankalin ne kawai ya kama, muka yini ba mai walwala. Na uku ya kama duka. Na huɗu ma haka, har ya fi. Da hantsi ya yi, rana ta narkar da shi ya yi laushi kamar ƙullun kunu a fata, Inna ta matsa ɗaya ruwa ya tsarto, ta ce, "To, a cire takalma."

Muka tara shi ƙananan tsibi-tsibi, kowa ta hau nata. Da dunduniya ake yi, a danna a murza, ruwan ya fita, ɓawon ya saɓule. Ruwan nan kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Mu mun saba tun muna yara, ƙafafunmu kamar fatar ganga. Takima tana hawa ta yi ƙara ta diro.

"Wayyo ni! Wuta ce a ciki?"

"Hau dai, 'yar kwari. Ba ke ce mai sanin gidan sanyi ba? Ga shi kin zo, ku gaisa."

Ta harare ni, ta tattare zane ta koma. Tana tattakawa tana tsalle tana zagina da yaren kwarinsu, matar Kawu tana ba da waƙa muna amsawa, Kawu yana bin bayanmu yana baza wanda aka gama. Kwana biyu muka yi muna tattaka. Bayan nan sai shanya, wannan kam rana da iska suka yi mana, iskar da ta so ta kashe mu ita ta busar mana da shi cikin kwana goma. Ya yi baƙi, ya ƙanƙance, in an zuba a buhu yana ƙara kamar tsakuwa.

Ranar da muka juye buhun ƙarshe a rumbu, Inna ta zura hannu ta auna. Ya kawo mata ƙirji. Ta tsaya tana motsa leɓɓa, tana lissafa watanni a yatsu, ta kai ƙarshe ta sake farawa. Sannan ta ja murfin ta rufe.

"Zai kai mu," ta ce. "Ba za a yi ƙiba ba, amma zai kai mu."

Da yamma ta jiƙa cunyo tafi biyu, ta dafa da ɗan busasshen nama da barkonon da Takima ta zo da shi daga gida. Kafin ya nuna ta ce wa Takima ta miƙo ƙafa. Duk dunduniyar ta tsage, wani wurin har da jini. Inna ta narka kitsen lama a kasko tana shafa mata tana mita, wai ita ba ta taɓa ganin ƙafar babban mutum mai laushi kamar ta jariri ba, wai mutanen kwari a kan me suke tafiya, a kan auduga? Takima ta cije leɓe.

Aka zuba miya. Na sha nawa har ina siɗe kwano. Inna tana sha tana lumshe ido. Takima ta kai cokali baki, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta sake kaiwa.

"Ya kika ji shi?" in ji Inna. "Na ƙafarki ne."

Takima ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi Inna.

"Inna, in faɗi gaskiya?"

"Faɗi."

"Ni tun ina yarinya ba na son cunyo. Warinsa kamar an jiƙa tsohon takalmi."

Na ƙware da miya. Inna ta ajiye cokali, ta dube ta, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ban ji ta yi ba tun kafin ruwan ƙanƙara, har tana dafa bango tana share ido da gefen mayafi. Da ta lafa, ta jawo tukunyar, ta kamo kwanon Takima, ta ƙara mata ludayi biyu.

"Ci," ta ce. "Saura wata tara."